Katin kyauta mai rangwame: sabo, na hannu, ko a ba mutum kuɗi kawai?

A kantunan Costco na Amurka akwai wurin da ake jera katunan kyauta, inda za ka tarar an haɗa kati biyu, kowanne na dala 50, ana sayar da su a kan dala 79.99. Wanda ka miƙa wa zai ci abinci ko ya yi sayayyar dala 100 cif, kai kuwa dala 80 ce ta bar aljihunka. Ga ɗan'uwanmu mazaunin can, mai malaman makarantar yara da maƙwabta da abokan aiki, ga kuma 'yan'uwa masu jiran goron sallah, wannan ragin ba abin rainawa ba ne. Shi ya sa da zarar Disamba ta kawo kai, ko azumi ya raba tsakiya, sai tambayar ta taso: a sayi mai rangwamen a bayar, ko yin hakan rowa ce kawai?

Abin da ka biya tsakaninka da aljihunka ne. Abin da ya shafi mai karɓa biyu ne: ko katin zai yi aiki ranar da ya tsaya gaban mai karɓar kuɗi, kuma ko kantin wuri ne da ƙafarsa ke takawa. A nan ne katunan rangwame suka sha bamban, domin daga kafa biyu suke fitowa, kuma ko da fuskarsu ɗaya, haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Kafa ta farko ita ce sabon kati da kamfani ya yarda a sayar ƙasa da abin da ke rubuce a jikinsa. Ba don Allah suke yi ba. Wanda ya shiga gidan abinci da katin dala 50 da wuya ya tsaya a 50, sai ya cika daga aljihunsa. Wani kuma ya jefa katin a durowa ya manta, ko ya bar ragowar dala 3 da ba zai ƙara waiwayarta ba. Kamfanin Starbucks mai shagunan kofi kaɗai yakan shigar da kusan dala miliyan 200 a shekara cikin lissafin kuɗin shigarsa daga irin wannan ragowar da aka ƙiyasta ba za a dawo a kashe ba. Kenan rangwamen kashi 20 cikin 100 da aka yi maka an riga an san inda za a fanshe shi.

Irin wannan sabon katin ana samun sa a Costco da Sam's Club duk shekara. Kantin Target ma ya saba ware kwana ɗaya ko biyu a farkon Disamba ya rage kashi 10 a kan katunansa na kansa, tare da ƙayyade iyakar abin da mutum ɗaya zai saya. Gidajen abinci kuwa sukan yi wata dabara a ƙarshen shekara: sayi katin dala 50, a ƙara maka na dala 10. Alherin wannan kafa a fili yake. Katin sabo ne dal, ba wanda ya taɓa ganin lambarsa, adadinsa cikakke ne, kuma idan ya ba da matsala akwai kantin da za ka koma da rasit a hannu. Ba yadda za a yi mai karɓa ya bambanta shi da wanda aka saya a cikakken farashi, don babu bambancin.

Sai dai a yi lissafi kafin a yi murna. Mutum 10, kowa katin dala 50, dala 500 kenan. Da ragin kashi 20 za ka biya 400. Amma shiga Costco sai mamba, kuma tun Satumbar 2024 mafi ƙarancin kuɗin zama mamba dala 65 ne a shekara. Idan dama can kake sayen shinkafa da man girki, dala 100 ɗin nan taka ce gaba ɗaya. Idan don katunan kawai ka yi rajista, dala 35 ka tsira da ita. Ƙarin katin dala 10 na gidajen abinci kuma kada ka kuskura ka haɗa shi cikin kyauta: yawanci makonni kaɗan yake aiki bayan sabuwar shekara ya mutu, domin dokar da ke kare katunan da aka saya da kuɗi ba ta rufe na talla ba. Wannan naka ne, ka kai iyali.

Babbar illar wannan kafa a wurinmu wata ce daban. Ragi mai tsoka a kan katunan gidajen abinci da silima da wuraren wasa ya fi yawa, kuma da yawan gidajen abincin nan naman da suke gasawa ba yankan Musulmi ba ne, ga giya a kan tebur. Ka ɗauki katin irin wannan gida ka miƙa wa Alhaji mai kiyaye abin da ke shiga bakinsa, don kawai shi ne mai ragin kashi 20, ka ba shi abin da zai yi ta juyawa a hannu bai san yadda zai yi da shi ba. Tarkon ke nan: a hankali sai ragi ya riƙa zaɓar maka kyauta, kai kuma kana nema wa katin mai karɓa. Tsarin da ya dace shi ne ka fara rubuta sunayen mutanen da inda kowa ke sayayya, sannan ka duba ko akwai ragi a can. Mai jego kantin kayan jarirai take buƙata, ɗalibi kuma kantin abinci ko gidan mai, ko da ragin kashi 5 ne ko babu sam.

Kafa ta biyu ita ce kasuwar katin hannu. Wani an ba shi katin kantin da ba ya zuwa, sai ya sayar wa shafi irin CardCash a kan ƙasa da darajarsa, shafin ya ɗora ribarsa ya sayar maka. Zaɓi a nan ya fi yawa nesa ba kusa ba, kantuna ɗaruruwa. Ragin kuma yana bin ƙa'ida ɗaya da ba ta canzawa: gwargwadon yadda kati ya yi kusa da zama tsabar kuɗi, gwargwadon ƙanƙantar raginsa. Katin Amazon ko Walmart, da kowa ke so, ɗan abin da za a rage maka bai taka kara ya karya ba. Katin kantin tufafi ko gidan abincin da ba kowa ke nema ba, shi ne za ka ga an zaftare masa kashi 15 ko 20.

Matsalar katin hannu ita ce lambarsa ta bi ta hannun wani kafin kai. Wanda ya sayar yana iya riƙe hoton lambar, ya kashe kuɗin bayan shafin ya duba ya ga suna nan. Ko kuma tun asali da katin bankin sata aka sayi katin, ranar da mai kuɗin ya kai ƙara sai kantin ya soke shi, ba ruwansa da hannu nawa ya zaga. Shafukan sun san da haka, shi ya sa suke ba da garanti. Na CardCash kwana 45 ne daga ranar saye. Ga mai saye don kansa wannan ya isa: ka saya kana tsaye a cikin kantin, ka kashe kafin ka fito. Amma kyauta ba haka take tafiya ba. Ka saya a tsakiyar azumi, ka bayar ranar ƙaramar sallah, mai karɓa ya adana ya ce sai babbar sallah zai yi wa yara sayayya. Tsakanin sallolin biyu wata biyu ne da kwana goma. Kafin ya zaro katin, garanti ya daɗe da ƙarewa. Kuma ko da bai ƙare ba, garantin na wanda ya saya ne, sai kai za ka iya neman a mayar da kuɗi, kai kuma sai an gaya maka.

To, wa zai gaya maka? A nan ne lamarin ya fi tsanani a tsakaninmu. Bature abokin aikinka yana iya turo maka saƙo ya ce katin nan bai yi aiki ba, ko za ka duba. Bahaushe ba zai yi ba. Surukarka ta cika kwando da kaya, a zura kati a ce babu ko sisi, ga layi a bayanta. Za ta biya da kuɗinta ko ta mayar da kayan, in kun haɗu ta ce an gode, Allah ya ƙara buɗi, ta haɗiye sauran. Kara da kunya ba za su bar ta ta buɗe baki ba, kai kuma kana nan kana ganin ka kyauta. Asarar dala 40 mai sauƙi ce a kan abin da za ta riƙa ɗauka game da kai. Ga kuma ƙananan abubuwan da ke tona asiri: katin hannu sau da yawa adadinsa gutsure ne, dala 47.13 misali, kuma galibi lamba ce kawai ake turowa ta imel, babu katin da za a sa a ambulan. Shafin da kansa yana iya rufewa, kamar yadda Cardpool, ɗaya daga cikin manyansu, ya rufe a 2021.

Don haka ban ga dalilin da zai sa a miƙa wa wani katin hannu a matsayin kyauta ba. Amma akwai hanyar cin moriyarsa da ba ta jefa kowa cikin kunya. Ka sayi katin, ka kashe shi da kanka nan take, ka sayo abin da za ka bayar: turare, takalmin yaro, tukunyar girki, bargon jariri. Ragin ya shigo aljihunka, haɗarin ya ƙare a hannunka cikin awa guda, abin da ya isa ga mai karɓa kuma kaya ne da aka zaɓa dominsa. Idan kantin ma yana gwanjon ƙarshen kaka, ragi biyu ka haɗa. Abin da ka ɗauka da wannan hanyar shi ne kasadar zaɓi, don kaya na iya zama ba su dace ba. Masanin tattalin arziki Joel Waldfogel ya ƙiyasta a 1993 cewa kyautar kaya takan yi asarar tsakanin kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku na darajarta a idon wanda aka ba. Saboda haka hanyar ta fi dacewa da wanda ka san girman ƙafarsa da irin ƙamshin da yake so. A nemi rasit na kyauta, wanda ba ya nuna farashi, don ya iya musanyawa. A sani kuma idan aka mayar da kayan da aka saya da katin kyauta, yawanci kati ake mayarwa ba kuɗi ba.

Kada kuma a ɗauka biyan cikakken farashi shi ne tsira. Katunan da ke rataye a fili a manyan kantuna da shagunan magani su ne ɓarayi suka fi yi wa ta'adi: su kwashe, su buɗe a hankali su kwafe lambobin, su manne su mayar. Ranar da ka saya aka loda kuɗi, su riga mai karɓa kashewa. Abin ya yi yawan da a 2024 jihar Maryland ta yi doka ta musamman kan yadda za a riƙa naɗe katunan. Wanda aka saya kai tsaye daga shafin kantin, ko wanda ake ajiyewa a bayan kanta, ya fi aminci. Katunan Visa da Mastercard na kyauta kuwa, masu aiki a kowane kanti, kishiyar rangwame ne: sai ka ƙara 'yan daloli a kan adadin kafin a ba ka, kuma ƙarasa 'yar ragowar da ke ciki wahala ce.

Ƙasar da kake zaune ma tana sauya lissafin. A Amurka, dokar katunan bashi ta 2009 ta hana kuɗin katin kyauta mutuwa kafin shekara 5, kuma ba a fara cire kuɗin rashin amfani sai kati ya shekara ba a taɓa shi ba. Ostireliya ta sa shekara 3 tun 2019, Ailan ta sa 5 a shekarar. Birtaniya ba ta da irin wannan doka, kuma katunan kantuna da yawa a can wata 24 suke yi. Abin da babu dokar da ke kare ka daga gare shi shi ne durƙushewar kamfani. Kantin kayan wasan yara na Toys R Us ya daina karɓar katunansa a Afrilun 2018. Kantin kayan gida na Bed Bath & Beyond ya shigar da takardar karyewa ranar 23 ga Afrilun 2023, ya ba masu kati zuwa 8 ga Mayu kawai. A Ingila, kantin faifan waƙa na HMV ya ƙi karɓar nasa a Janairun 2013, makonni kaɗan bayan an raba su a Kirsimeti, sai da mutane suka yi ca sannan aka janye. Idan ka ga katin wani kanti ya faɗi warwas a kasuwar hannu, ragi ya kai kashi 30 ko fiye, duba labaran kamfanin kafin ka ce ka yi tsuntuwa.

Sai kuma tambayar da ya kamata ta zo kafin duk waɗannan: shin mutumin nan kati ya dace da shi, ko kuɗi? Katin kyauta ya samu karɓuwa ne a inda ake ganin miƙa wa mutum tsabar kuɗi rashin tunani ne. Mu ba mu da wannan damuwar. Gudummawar biki, barkar haihuwa, goron sallah, tukuici, duk da kuɗi ake yi, ba wanda ya taɓa jin an raina shi don an sa masa takardar dala 50 a ambulan. Ga ɗan'uwa ko ɗan gari, kuɗi sun fi: ba sa mutuwa, ba a soke su, ana biyan haya da su. Ragin kashi 20 da ka samu, mai karɓa ne ya biya shi da 'yancin zaɓinsa. Inda kati ya fi kuɗi shi ne wajen malamar makarantar ɗanka, abokin aiki, maƙwabci Bature, waɗanda kuɗi tsura zai sa su ji wani iri, ko ma dokar aikinsu ta hana. Mai kawo wasiƙa na gidan wayar Amurka, misali, an yarje masa karɓar kyautar da ba ta wuce dala 20 ba, amma ban da kuɗi ko katin da za a iya mayarwa kuɗi. Akwai kuma wanda ka san in ka ba shi kuɗi a kan wasu zai kashe, irin uwar gidan da ba ta taɓa saya wa kanta komai. Katin kantin takalma yana tilasta mata tuna kanta.

Aika kati gida kuwa ba na ba da shawararsa ko kaɗan. Katin Amazon na Amurka a shafin Amurka kawai yake aiki, ko na Birtaniya ba ya karɓarsa. Na Apple da Google Play suna ɗaure da ƙasar da aka saye su. Ƙaninka da ke Kano ko Maraɗi abin da zai yi shi ne ya nemi masu sayen kati a WhatsApp ko a manhaja ya sayar. Su kuma farashinsu ya danganta da irin katin, da ƙasarsa, da ko na roba ne ko lamba, da ko akwai rasit, kuma kusan kullum ƙasa yake da canjin dala na ranar. Abin da ka rage wajen saye ya zube wajen sayarwa, wani lokaci har da ƙari. Ga haɗarin a karɓi lambar a ce masa an riga an yi amfani da ita, ba shi da inda zai kai ƙara. Tura kuɗi ta Sendwave, LemFi ko Remitly zuwa asusunsa ya fi sauƙi da tsafta. In kana son kyautar ta zama ta wani abu takamaimai, loda masa data, ko ka saya wa gidan yunit ɗin mita, ko ka biya kuɗin makaranta kai tsaye.

Masu tambayar halaccin cinikin suna da hujjar tambaya, don a zahiri kamar an sayi dala 100 da dala 80 ne. Malaman zamani da dama sun bambanta tsakanin katin kanti guda, wanda suke ɗauka haƙƙin karɓar kaya ne, da kati irin na Visa mai aiki tamkar kuɗi. Sun fi sassautawa a na farko, musamman idan kantin ne ko wakilinsa ya sayar, sun fi tsanantawa a na biyu. Akwai kuma masu ƙyamar sayen na hannu saboda suna ganinsa cinikin bashi. Wanda abin ya tsaya wa a rai ya kai wa malaminsa ainihin irin katin da yake nufi, kada ya yi tambayar a dunƙule.

Batun ko dole ne ka faɗi nawa ka saya, ba dole ba ne. Wanda ya sayo shadda a farashin sari a Kantin Kwari ya kai wa surukinsa, ba wanda ke tsammanin ya haɗa da rasit. Iyakar ita ce kada ka furta ƙarya, kada ka ce dala ɗari na kashe maka. Akwai kuma inda shirun kansa cin amana ne. Idan abokan aiki suka yi karo-karo suka tara dala 100 suka damƙa maka ka sayo wa mai jego kati, ka samo a 80, ragowar 20 ba taka ba ce: ko ka ƙara a kan kyautar, ko ka mayar musu. Haka idan bashi ake bin ka, ba ka biya da kati a kan adadin da ke jikinsa sai mai bashin ya sani ya yarda.

Idan sabon katin ka zaɓa, kafin ka rufe ambulan duba adadin da ke ciki ta shafin kantin ko lambar wayar da ke bayansa, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka adana rasit a wurinka tunda shi ke nuna farashin. Rubuta layi biyu da hannunka da ke nuna dalilin zaɓen wannan kantin, ko da "na ji kin ce injin markaɗenki ya lalace" ne. Kuma tunda ka san ba za a kawo maka ƙara ba, kai za ka bi sawu: bayan mako biyu ko uku ka kira ka ce, "Hajiya, an samu an je kantin nan kuwa? Wani lokaci katunan nan sukan ƙi aiki, in ya yi gardama rasit yana wurina."